Ranar da Na Zama Maraya a Taura

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Taura gaida mahaifin Dije ba, har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Dije ita ce yarinyar da na shekara biyu ina nema tun tana karatu a Dutse, kuma ranar ce za a san matsayina: ko a ce in turo magabatana, ko in ji ana buɗar kai da wani.

Gara in faɗi halina tun yanzu, ni mutum ne mai fargaba. Malamin lissafi ne ni a wata sakandare, a gaban allo kuwa ba ni da sa'a, ɗalibai na jin takuna suke nutsuwa. Amma ka tsayar da ni gaban dattijo ka ce in yi magana, nan take zan daburce. To ka ƙiyasta yadda na ji da Dije ta kira ni ta ce Baffa (haka suke kiran mahaifinsu) ya ce in zo ya gan ni, ni kaɗai, ban da rakiyar abokai.

Baffa Bafulatani ne, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya ya koma wa shanunsa. Dije ce 'yar farinsa, don haka ko sunanta ba ya kamawa, balle ya tsaya tambayar wane ne ke zuwa wajenta ko ɗan gidan waye. Shi dai a kawo masa mutum ya kalle shi. Samari biyu sun riga ni zuwa, ɗaya har da motarsa, duka ya sallame su cikin mutunci, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Dije ba ta ɓoye min ba, ta ce in Baffa ya ce a'a, ita ba za ta iya ja da shi ba.

Kwana goma aka ba ni, a cikin huɗun farko na rame. Yayata Saude ce ta lura. Ita sana'arta turaren wuta da humra a nan gidanmu na Yalwawa, kuma a shekarar ta ƙaro wasu 'yan kwalabe na man ƙamshi da ake matsowa daga furanni da ganyaye, wai na kwantar da hankali. Ta ɗauko min na wani fure da ake kira lafanda, ta ce in ɗiga ɗigo biyu a hankici in riƙa shaƙa a hankali duk lokacin da gabana ya fara faɗuwa. Na yi mata dariya, na ce wannan ai kayan mata ne, sannan na faki idonta na sa a aljihu.

Tsakani da Allah ya yi min amfani. Ko man ne, ko kuwa jan numfashin ne a tsanake, oho, na dai samu barci, abinci ma ya fara shiga. Matsalar ita ce ban san ɗigo biyu ba. A ofishin malamai ina shaƙa, a kan babur ina shaƙa, kafin Juma'a kwalba ta ƙare ƙaf. Da safiyar Asabar na faɗa ɗakin Yaya Saude na tarar ta tafi biki Kafin Hausa. Sai na shiga buɗe kwalabenta ɗaya bayan ɗaya ina sunsunawa, na zaɓi wanda ya fi hawa kai, na na'a-na'a. A jikin kwalbar an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa sai an gauraya shi da wani man kafin ya taɓa fata, kuma kada a kai shi kusa da ido. (Wannan daga baya na karanta. Ni ne fa mai yi wa ɗalibai faɗa kullum a kan su karanta umarni kafin su fara amsa tambaya.)

Bazara ce, irin wadda ko kaji ba sa fita rana. Na sa sabuwar shadda mai sitati, na kafa hula, na shiga motar haya. Tun daga Gujungu gwiwoyina suka fara kaɗawa, har wata tsohuwa da ke gefena ta tambaye ni ko zazzaɓi nake. Da na isa unguwarsu bayan azahar, sai na laɓe bayan wata bishiyar darbejiya na yi lissafi irin namu na malamai: in ɗigo biyu na sa mutum barci, ai rabin kwalba zai sa shi tunkarar Baffa. Na tuttula a hankici, na goge goshi, na goge gefen kai da bayan kunne, na ƙara a ƙasan hanci, na ja hula na rufe.

Su uku na tarar a zaure. Baffa na zaune a kan buzu, siriri, fari, da carbi a hannu. Gefensa ƙaninsa ne, sai limamin unguwa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na kwashi gaisuwa. A 'yan mintunan farko wani sanyi ne ya ratsa kaina kamar an ɗora min ƙanƙara, har na ce a raina Allah ya yi wa Yaya Saude albarka. An tambaye ni hanya, na amsa. An tambaye ni aiki, na amsa, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Rufin zauren na kwano ne. Gumi ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin hula, ya kwaso man nan, ya bi ta gira, ya zarce cikin idona na dama. Ban san yadda zan kwatanta maka ba, sai dai in ce ka tuna ranar da ka yanka attarugu ka manta ka sosa ido. Na ƙifta, na sake ƙiftawa, na hagu ma ya karɓa. Cikin sauri na zaro hankici na goge. Wane hankici? Shi dai wannan da na jiƙa a gindin darbejiya.

Daidai lokacin Baffa ya ɗago ya yi min tambayarsa ta farko da bakinsa:

"Kai ɗan wane ne a Dutse?"

Na buɗe baki na ce, "Malam Iro... mai hatsi..." sai hawaye suka ɓalle, shar-shar, ta ido biyu, hanci ma ya bi sahu. Ƙato da ni, da gemuna, a gaban Bafulatanin da a wajensu ko bulala aka tsula wa saurayi murmushi yake yi. Ina jin ɗigar hawayena a kan sitatin shadda.

Liman ya gyara zama ya ce cikin tausayi, "Allahu akbar. Sabon rashi ne, yaro?"

Ga hanyoyi biyu a gabana. Ko in ce a'a, tsoron Baffa ne ya sa na shafa man yayata har ya shige min ido, ko kuma in gyaɗa kai. Ni da Allah ya ba ilimi, na gyaɗa kai. Ƙanin Baffa ya tambaya ko an yi arba'in, na ji bakina da kansa ya ce saura kaɗan. Nan liman ya ɗaga hannu, suka ɗaga, ni ma na ɗaga. Aka roƙa wa mahaifina gafara, aka roƙa masa sauƙin kwanciyar kabari, aka shafa Fatiha, ina cewa amin ina kuka. A wannan lokacin Baba na can ƙofar gidanmu a kan dakali, na bar shi yana faɗa da mai gyaran rediyo.

Baffa ya daɗe yana kallona, fuskarsa ta yi laushi. Ya ce yaron da zai zubar wa ubansa hawaye haka ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba, in je in turo baffannina. Abin da na kwana goma ina roƙon Allah ke nan, amma maimakon farin ciki sai na ji kamar na haɗiyi dutse. Ina ƙoƙarin miƙewa ya ƙara da cewa:

"Tunda ba a yi arba'in ba, hakki ne a kanmu. Gobe da hantsi za mu shigo Dutse mu yi wa mahaifiyarka ta'aziyya."

Ban san yadda na kai tasha ba. Na wanke ido da ruwan leda, na shiga mota na zauna ana jiran cikon mutum biyu. Abin da nake gani kawai shi ne dattawa uku sun sauka a Yalwawa suna tambayar gidan marigayi Malam Iro, a nuna musu, su tarar da marigayin a kan dakali yana cin goro, ya miƙe ya ce musu maraba. Na yi tunanin in kira Baba in ce ya tafi ƙauye kwana biyu. Na yi tunanin in nemi canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji kunyar mutumin da ya sayar da hatsi ya kai ni makaranta. Direba na tada mota na ce a sauke ni.

Kafin in koma an idar da la'asar, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun kai goma. Labari kuwa ya riga ni. Tun daga nesa wani tsoho ya miƙo min hannu yana cewa ya haƙuri, wani ya ce Allah ya sa ya huta. Na wuce su na zube gaban Baffa, na ajiye kwalbar a bakin buzunsa. Da idanu jajur na ce mahaifina na nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, ƙarya na yi. Na faɗi komai, tun daga ɗakin Yaya Saude har gindin darbejiya. Muryata na rawa, gwiwata na rawa, ban ɓoye ko ɗaya ba.

Wani a baya ya kasa riƙe dariya ya mayar da ita tari. Liman ya yi salati. Baffa ya ɗauki kwalbar ya buɗe, ya kai hanci, ya yi atishawa sau biyu, ya rufe ta a hankali.

"Da na ji wannan warin a jikinka ɗazu, ni na ɗauka mura kake," ya ce. "Ashe tsorona ne ya sa ka binne ubanka da rai."

Na ce, "Shi ne, Baffa."

"Da ka shiga motar nan ka tafi, da ka tafi ke nan. Maganar ɗazu na janye ta. Amma tafiyar gobe tana nan, mun yi niyyar gaisuwa, za mu gaisa. Kai za ka gaya masa abin da ka yi, a gabanmu. In ya yafe maka, sai mu ga abin da ya rage."

Washegari da hantsi suka iso. Baba ya sa aka shimfiɗa musu darduma, aka kawo fura, yana ta murna da manyan baƙi, bai san hawa ba bai san sauka ba. Na durƙusa a tsakiya na maimaita karatun jiya. Ta bayan labule ina jin Yaya Saude na shessheƙar dariya, mahaifiyata kuma na cewa ta yi shiru. Da na gama Baba ya dube ni, irin kallon da ya fi mari ciwo, sannan ya juya wajen liman ya tambaya ko addu'ar an yi ta da kyau. Liman ya ce wallahi da zuciya ɗaya aka yi ta.

"To a bar min kayata," in ji Baba. "Ajiya ce, zan tarar da ita." Ya juya wajen Baffa. "Shi kuwa wannan, Alhaji, matsoraci ne tun yana ƙarami, amma ka ga ƙaryar ma bai iya kwana da ita ba. Na yafe masa."

A nan na fara ganin haƙoran Baffa. Ya shanye furarsa, ya ce a turo magabata bayan sallah. Yau shekararmu huɗu da Dije, kuma duk ranar da na yi mata gardama sai ta ce in bi a hankali, ita ba ta son ganin hawayen maraya.

Har yanzu ina da fargabata, ba inda ta je. Wani lokacin ma nakan ɗiga lafanda a hankici, ɗigo biyu cif, bayan na karanta jikin kwalba. Amma in zan shiga gaban manya, sai in bar gwiwata ta yi rawarta a fili kowa ya gani, don rawar gwiwa dai ba ta taɓa kashe uban kowa ba.