Yadda Za Ka Zama Gwanin Katin Girafik Da Bai Fito Ba, A Garin Da Babu Wuta

Matso kusa, ɗan'uwa. In ka bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari kafin damina ta faɗi za a riƙa nuna ka da baki a unguwar Fezzan ana cewa, "Ga wanda ya san kwamfuta." Ba sai kana da kwamfuta ba, mu da muka riga ka shiga fagen babu mai ita. Katin girafik shi ne ɓangaren da ke zana hoto a cikin kwamfuta, mu kuwa fanninmu shi ne wanda ba a gama ƙerawa ba. Abin koyinka a darasin nan shugabanmu ne Hashim, wanda Allah ya hore wa baki da waya mai tsagaggen gilashi.

1. Zaɓi katin da babu wanda ya gani

Katin da ke kasuwa ana iya kunna shi a ƙaryata ka. Wanda bai fito ba kuwa amini ne, ba ya tona asiri.

Tun da aka tarwatsa turakun wutar da ke shigowa gari, Hashim kan kai wayarsa caji wurin mai janareta, ya karɓo ta da rabin rai, ya ƙarasa ta wajen kallon wani Bature yana nuna hoton kwali. Daga nan sai majalisa, gindin darbejiya.

"Zai ninka na yanzu ƙarfi," in ji shi, yana kallon sama.

"Wa ya ce?" Umara mai shayi ya tambaya.

"Wani na ciki."

Kada ka taɓa faɗin cikin me.

2. Yi rangwame a kan kayan da ba naka ba

Ka ce zai zo da araha, har tsofaffin katuna su zube kamar nunannen mangwaro. Faɗi farashin da kuɗin Amurka. In wani marar tarbiyya ya ce a mayar da shi naira, tuna masa an kira salla.

3. Samu wadda za ta yarda da kai

Ilimin da babu mai gaskata shi fitila ce a cikin tulu. Hashim ya samu Muhsinat, ɗalibar zanen gine-gine a ajin ƙarshe, wadda yake so tun ranar da suka maƙale a keke napep guda a shingen bincike, ya kasa ce mata komai sai, "Yau akwai zafi." Ya rubuta mata waƙoƙi fal waya, bai tura ko ɗaya ba.

Aikinta na kammala karatu shi ne sabon zanen makarantar ƙauyensu da aka ƙone. Malamai na son ganin ginin a hoto kamar a taɓa, tsohuwar kwamfutar gidansu kuwa da an nuna mata zanen sai ta sume. Ta samu kati na hannu guda ɗaya tak a shagon Ba Ajimi, dattijon da ke da ɗabi'ar da duk unguwa ta sani: in ka ce ya ajiye maka kaya, zai jefa a durowa, ko gwamna ne ya zo ba zai sayar ba, sai ranar da aka ce masa an fasa. Ta ce ya ajiye mata, ya jefa a durowa.

"Ya Hashim," ta ce, "kai da ka san abin nan, je ka duba mini, in mai kyau ne ka karɓo."

Lura da wannan "Ya" ɗin. Za mu dawo kansa.

4. Hana ta saye

Nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Gwani ba ya cewa a saya. Duk wanda ya saya ya fita daga hannunka.

Hashim ya ɗaga katin, ya hure shi, ya taɓe baki.

"Ba Ajimi, wannan ai gawa ce."

"Gawa mai fanka biyu, kuma duk suna juyawa."

"Sabo na nan tafe. Fitar da shi daga durowa, mun fasa."

Dattijon ya dube shi ta saman tabarau. "Ita ta ce, ko kai ka ce?"

"Bakinmu ɗaya."

"To, Allah ya sa."

Hashim ya fito ƙirji a buɗe, yana hango ranar da zai miƙa mata sabon kati a kwalinsa, ta dube shi da idanun nan da ke sa shi mance sunan unguwarsu. Bai kai bakin titi ba Madam Rebeka, mai haɗa bidiyon biki, ta shiga shagon ta fito da gawar a jaka.

5. Riƙa matsar da katin

Ka fara da cewa yana Dubai. In an matsa, ya sauka Legas. Daga nan Kano. In tura ta kai bango, ka ce yana Damaturu yana jiran a buɗe hanya. Hanyar nan ta rufa wa masana da yawa asiri, Allah ya kawo mana ƙarshen halin da take ciki, ko da namu asirin zai tonu.

Ma'aunin nasararka shi ne sunan da ake kiran ka da shi. Lokacin da katin ke Legas, Muhsinat na cewa "Ya Hashim". Da ya iso Kano ta koma "Hashim". Ranar da aka kafe jadawalin kare aiki, katin na Damaturu, ta kira shi ta ce, "Malam, na je wurin Ba Ajimi. Durowa babu komai."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

6. In rana ta ɓaci, nemi mafici

Hashim ya tafi shagon Madam Rebeka ya durƙusa har ƙasa.

"Af, kai ne mai gawa?" ta ce. "Tashi, ɗana, kada ka share mini daɓe da wando."

Ta yarda Muhsinat ta riƙa aiki da tsakar rana, in babu bidiyon amare. Sai dai janaretanta ba ya ɗaukar fanka da kwamfuta tare, zafin Afrilu kuwa na sa kwamfutar ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Madam ta kwance murfin gefe, ta miƙa wa Hashim maficin kaba.

"Ka ce matacce ne. To yi masa fifita."

Haka shugabanmu ya zauna dirshan a ƙasa, kwana da kwanaki, yana yi wa gawa fifita, gumi na bin haɓarsa. In hannu ya sage ya sauya. In ya sassauta, Madam ta ce, "Injiniya, an ɗauke wuta ne?" A saman kansa makarantar na fitowa layi bayan layi: katanga, tagogi, sai rufin kwano, sai darbejiyar da Muhsinat ta dasa a tsakar fili daidai inda tsohuwar take kafin wuta ta ci ta. Da bishiyar ta gama bayyana, Muhsinat ta rufe fuska da mayafi. Idon Hashim ma ya kawo ruwa. Ya ce hayaƙin janareta ne. Kai ma haka za ka ce.

7. Kada ka tuba

Muhsinat ta ci jarrabawa. Ta same shi a ƙofar shagon Madam Rebeka, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Ya Hashim, sabon katin ya fito kuwa?"

"Ya fito."

"Ya ninka?"

"Farashin ya ninka." Ya yi gyaran murya. "Amma wanda zai biyo bayansa, wani na ciki ya ce in mutum ya ɗan jira..."

Ta ɗora masa maficin a baki.

"Tun bara na ce a ajiye mini kai a durowa. Ranar Juma'a ka zo ka gaida Baba. In kuma jira za mu yi, na san yadda ake cewa an fasa."

A nan, ɗan'uwa, shugabanmu ya ba mu kunya. Bai jira ba. Tun ranar Laraba ya kai kaftani guga.

Hattara

Mai wannan darasi ba shi da alhakin sagewar kafaɗa, ko faɗuwa daga "Ya" zuwa "Malam", ko durowar da aka tarar babu komai. Ba kowace Muhsinat ke ajiye mutum ba, kuma maficin Madam Rebeka guda ɗaya ne. Duk mai ƙorafi ya kai wa na ciki. Yana Damaturu, da an buɗe hanya zai iso.