Wa Zai Tuƙa Ran Asabar

"Lafiya lau, Kaka. Ya gwiwa? Ashe har yanzu kana nan, ba ka tafi ba."

"In tafi in bar ki da wa? Wa zai riƙa gaya miki kin yi muni?"

Janelle ke nan, jikar tsoho Orval Pokorny. A gareji ta same shi yana goge sandunan golf, yana laluba su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ran Asabar za a yi wasan ƙarshe a filin golf na ƙauyensu, tafiyar awa biyu daga garin Kearney inda yake zaune yanzu. An sayar da wurin, masara za a shuka. Shi kuwa gogan, kai kamar dutse, ya rantse shi zai tuƙa kansa, alhali idon nan saura ƙiris ya rufe. Ita ta sani, shi ma ya san ta sani.

"Ƙarfe shida zan ɗauki hanya," in ji shi.

"Hanya za ka ɗauka ko akwatin wasiƙun maƙwabta? Biyu ka kwantar a watan nan."

"Su suka shigo titi."

"Da ƙafafunsu, ko? Ni zan kai ka."

"Ke? Ke da sai waya ta ce miki 'yi kwana' sannan ki san akwai kwana? Ina tuƙa motar noma tun ubanki bai san hanyar bakinsa ba."

"Shi ya sa gonarku ba kunya ɗaya miƙaƙƙiya. Wai duk rigimar nan a kan makiyayar shanu? Ka buga ƙwallo, ka je ka tono ta a cikin kashin saniya!"

"Rufe min baki, mai ƙafar zalɓe! Yashin da ke bakin ramukan nan tara, da hannunmu muka zuba shi, ni da Delbert da Harlan. Duk shekara mu kwarara masa mai kada iska ta kwashe. In ƙwallonka ta shiga rami, ka ɗauki manjagara ka share sawunka saboda na bayanka. Ku 'yan yanzu ko kofin da kuka sha ba kwa ɗaukewa."

"To su Delbert ɗin za su zo ne?"

Tsohon ya ajiye tsumman. Ya daɗe yana kallon ƙofa, ko da yake Allah kaɗai ya san abin da yake gani.

"Delbert shekararsa biyu a ƙasa. Harlan na gidan tsofaffi, ko sunansa ka kira ba ya waigowa. In na share sawun ma, wa na share wa? Ba kowa a bayana." Ya numfasa. "Jiya na ajiye ƙwallo a ciyawa, fara fat, a gaban takalmina. Na tsaya neman ta har kofina ya huce."

Janelle ta san halin kayanta: ka nuna wa Orval tausayi, yanzu ya tayar da mota don ya ba ka haushi. Sai ta taɓe baki.

"To me ya canja? Lokacin da kake ganin ta ma ai ƙasa kake duka. Marigayiya kakata ta ce shekara hamsin kana kaftu a filin nan. Mai masara ya samu huɗa kyauta."

"Ita ta faɗa?"

"A gaban fasto ma."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har da tari, har da ƙwalla, kuma ba duka ƙwallar ce ta dariya ba.

"Ja'ira! Bakinta kika gado."

Ya zaro makullin mota daga aljihu ya cilla mata. Makullin ya wuce can gefe, ya daki injin yankan ciyawa.

"Ga ni ta nan, Kaka."

"Na sani. Gwada ki nake."

Ta duƙa ta ɗauka. "In mun dawo in rataye maka a inda ka saba?"

"Riƙe abinki," in ji shi, yana laluben tsummansa. "Daga Asabar ɗin nan ba inda za ni kuma."