Murhun Da Na Ce Kyauta Ne

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da soja suka canja launin kuɗi ba. Wasu layin banki suke tunawa, ni kuwa abin da na jawo wa kaina a garinmu, kusa da Tsiga.

Damina ta yi gardama, itace ya yi tsada. Sai ga malamin daji daga Funtuwa a kan babur. Ya ce wa dagaci hamada na tafe, kuma saran itace da yawan hayaƙi ke korar ruwan sama. Magani, in ji shi, a bar murhun duwatsu uku a koma na yumɓu mai cin itace kaɗan. Gwamnati dai tana son sanin nawa sauyin zai ci kowane gida.

Dagaci ya dube ni, don ni ke yi masa rubutu da ajami. Na gyara zama kamar a gindin murhu aka yanke mini cibiya (Allah ya sani, iyakar sanina da madafa ƙamshi ne). Na lissafa: yumɓu na fadama; ƙaiƙayi a banza; kashin jaki har roƙonka za a yi ka kwashe; aiki kuwa gayya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko sisin kwabo. Kyauta ne."

Don in zama abin koyi, na fara da gidana. Mai ɗakina ta tafi suna, na kwashe duwatsun murhunta na ba masu cike ramin hanya. Na manta cewa na marigayiya mahaifiyarta ne.

Da ta dawo ta ce, "Malam, ina duwatsuna?"

"Zamani ya wuce su."

"To. Zamanin ya tuƙa maka tuwo."

Ranar gwaji aka taru a ƙofar gidan dagaci, ga sabon murhu na gina da hannuna. Nan muka tuna, mu masu lissafi, cewa matanmu ba sa fitowa girki gaban maza. Na aika wa wata tsohuwa mai tuwon sayarwa, ta ce a biya ta cinikin wuni. Ni da na rantse ba ko sisi? Na naɗe hannun riga, na ce, "Tuwo ai ba karatu ba ne."

Da fari Allah ya rufa asiri. Ruwa ya tafasa da 'yan ƙirare, malamin daji har da tafi. Na yi talge, na zuba gari. Sai tuwo ya kama muciya ya ƙi saki, tukunya ta shiga rawa, don da ido na auna bakin murhun. Na yi bisimilla, na taka gefensa, na ja iya ƙarfina. Murhu ya dare. Tukunya ta kife ta fashe, tuwo ya malale kan takalman dagaci, ni kuma ga ni zaune dirshan a ƙasa, muciya a sama kamar mai kiran yaƙi.

Dagaci ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. "Malam, wannan ma kyauta ne?"

Daga bayan katanga wata ta rangaɗa guɗa.

Malamin daji ya hau baburinsa, ba mu ƙara ganinsa ba. (An ce ya kai rahoton an yi nasara.) Ni na biya tukunya, da gari, da takalma. A gida kuwa mai ɗakina ta ce ba kowane dutse take so ba, nata. Na saɓi diga da rana tsaka na nufi hanya, masu wucewa na cewa, "Malam, sannu da kyauta." Biyu na tono. Na ukun sai da ruwan wata damina ya zaizaye hanya ya fito da shi, na ɗauko shi a ka.

Ta juya shi, ta ga baƙin hayaƙin uwarta na nan. Ta girka tukunya, ta ce, "Ka fita, Malam. Wanke hannu."

Tun ran nan, in na ji mai babbar riga ya ce abu kyauta ne, sai in leƙa in ga duwatsun wa aka kwashe.