Ɗakin Tsohon Ɗan Kwangila

"Lafiya lau, tsohon miji. Ya ƙafar?"

"Ta fi taki ƙwari, amaryar wahala."

Kaka na zaune a baranda, bakin ɗakin da ya yi ofis zamanin yana kwangilar gini. Tun da ya bar sana'a ɗakin ke kulle. Jikarsa mai zanen gidaje ta ajiye jakar kwamfuta, tana satar kallon kwaɗon. Ya gani, bai nuna ba.

"Na ji an kore ki."

"Ni na sallami kaina. Aikin kaina nake yanzu. A kawo zane in yi, in miƙa, in kama na wani. Wanda bai yi mini ba, in ce a kai kasuwa."

"Au, kwangila ke nan."

"Ina! Kai in ka karɓi aiki, leburori da siminti duk a wuyanka suke har ka miƙa makulli. Ni hannuna kawai ake haya."

"Hannun da ko shayi bai iya haɗawa? Ni na gina benen da sai ɗankwalinki ya faɗi kafin ki ga ƙarshensa."

"Wanda tantabaru ma a tsorace suke sauka a kai?"

Kaka ya gyara zama. "To ki zama mai ba da shawara mana. Ki zo fes, ki nuna katanga da biro, ki ce a rushe, ki tafi takalminki ko laka babu."

"Wannan sai mai furfura da surutu. Kai aka yi wa."

Sai ta sassauta murya.

"Jiya a gida ƙannena suka ɓarar da ruwa a kan zanen da nake yi. Jibi zan miƙa. In na saɓa, mai aikin ba zai dawo ba, kuma shi ne na farko."

Kaka ya daɗe yana laluben aljihu, kamar bai san inda makullin yake ba. Kwaɗon kuwa sai ƙyallin mai yake, wani ya shafa masa tun da safe.

"Ungo. Amma da sharaɗi. Na karɓi aikin shawarar. Nan zan zauna in riƙa cewa kin yi kuskure, ko tsinke ba zan ɗaga ba."

Ta cafe makullin tana dariya. "Ladanka fa, angona?"

"Shayi kullum. Amma don Allah ba haɗinki ba."