Yadda Za Ka Ƙirƙiro Sabuwar Kujera Ba Tare da Ka Taɓa Zarto Ba

Kana cikin mota, ka kamo hanyar gida. A jakarka akwai takardar shaidar karatu, ƙananan takardu masu manne kala huɗu, alƙalami mai kauri, da tabarau. Baba ya ce ko ka kawo wa shagon kafintancinsa sabon samfuri kafin Alhamis, ko ya miƙa makulli ga mijin yayarka. Bi matakan nan, makulli naka ne, ko tantama babu.

1. Kira taro

Tsayar da aiki, ka tara kafintoci a kan benci. Ka ce, "Yau babu babba babu ƙarami, kowa ya faɗi abin da ke ransa." Za su kalli Baba. Baba zai kalli rufi. Dogo, babban kafinta, zai ce, "Duk abin da Maigida ya ce, shi ne." Saura su ce, "Ƙwarai." Rubuta wannan, ka manna a bango. An samu shawara ɗaya.

2. Cika bango

Yawan takardu shi ne yawan basira. Ƙurar katako ba ta barin manne ya kama, don haka kafin azahar duk za su zubo. Kada ka damu. Masana sun ce shawarar da ta faɗo ƙasa ita ce ta nuna.

3. Zana kujera mai ƙafa uku

Baba zai ce, "Ina ta huɗun?"

Ka ce, "A can haka ake yi."

Zai ce, "A can ba su da masu ƙiba ne?"

Gyara tabarau. Kada ka bari a ƙera ta.

4. Kada ka saurari Goggo

Ƙanwar Baba ce, tela, bahaguwa. Duk Talata sai ta shigo. "Yaya, shekara nawa ina roƙon kujerar ɗinki mai aljihu a hagu? Almakashi a ƙarƙashin cinya, zare a baki, baya kamar an sare!" Baba zai ce, "Za a duba," kamar yadda ya ce bara. Kai kuma kara waya a kunne kamar abin bai dame ka ba. Da ɗaya hannun, rubuta komai.

5. Raɗa mata sabon suna

Ranar Alhamis shimfiɗa zanen a gaban kowa: Kujerar Zamani Mai Taskar Gefe. Ka ce sakamakon dogon bincike ne. Baba zai daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa.

"Me ya sa aljihun yake hagu?"

"Bincike ne ya nuna haka, Baba."

"To, binciken nan bahago ne. Kuma cikinmu ɗaya da shi."

Dogo zai yi tari, ya fita neman ƙusa.

6. Karɓi hukunci

A nan a sani: kantar hannu, dariyar mijin yaya, da abin da Goggo za ta faɗa maka, ita da ta goya ka, duk babu ruwan mai wannan jagora. Kai ka bi, ba a ja ka ba.

Baba zai naɗe zanen, ya sa a hammata, ya tura ka waje. Zai ja ƙofa, ya murza makulli, ya jefa shi a aljihu.

"Kujera za a yi, sunan Goggonka za ta ci. Makulli yana nan wurina. Kai kuma gobe da safe ka zo ba tabarau, Dogo ya nuna maka yadda ake riƙe zarto."