Makullin Sabar Ya Rasu, Ya Bar Ni da Surukata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni mai gina wa mutane shafukan intanet nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar makullina na sirri. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburina, tsakanin kofin shayin da ya huce da cajar da na ɗaure da salatif.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan fayil ne a cikin kwamfutata, ko nauyin hoto ɗaya bai kai ba. Aikinsa ya tsaya mini shaida a ƙofar sabar, wato kwamfutar haya da ke can wata ƙasa, inda shafin wani mai gyaran famfo yake zaune. In gyara rubutu a edita, manhajar da nake rubuta shafi da ita, in danna ajiye, shi kuma ya ɗauka ya kai. Sai in ji "ƙit", koren maki ya fito a ƙasan allo. Shekara da shekaru bai taɓa tambayata ko na tabbata ba. Na yarda da shi har na toshe ƙofar kalmar sirri da hannuna, ina bin abokan aiki da gori wai kalmar sirri ta 'yan koyo ce.

Aikensa na ƙarshe ma biyayya ce. Mai gyaran famfo ya sauya layi, ya ce in sa sabuwar lambarsa a shafin. Na kwafo ta ke nan matata ta leƙo ta ce in tura wa Mama, surukata, katin waya, na kwafi lambarta, na tura. Da na dawo kan aiki na liƙa abin da ke hannuna, na danna ajiye. Marigayi bai yi musu ba. Ya ɗauki lambar Mama ya kai ta ƙarƙashin manyan haruffan da ke cewa: MASAI YA TOSHE? KIRA YANZU.

Kafin in farga, sabar ta sabunta kanta, ta daina karɓar makullai irin ƙirar da. Na gyara lambar, na danna ajiye, ban ji "ƙit" ba. Jan rubutu ne ya fito: an hana izini.

An yi jinya iya jinya. Na duba hanyar da na nuna wa edita ko ta kauce, tana nan daidai. Na ƙuntata fayil ɗin ta yadda ni kaɗai zan iya karanta shi. Na juya shi zuwa wata siga, na dawo da shi. Na sake rubuta adireshin sabar harafi bayan harafi, na kashe kwamfuta na kunna, har na goge allon da hannun riga, don mai jinya ba abin da ba ya yi. Na yanka sabon makulli, kyakkyawa, ɗan zamani, amma sai an shiga ciki ake gabatar da shi, ni kuwa ina waje. Kamfanin hayar ya ce mai asusun ne kaɗai zai iya buɗe mini. Mai asusun tsohon abokin cinikin mai gyaran famfo ne, sun rabu baram-baram, ya ce ko a lahira kada a haɗa su layi.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa, makullin bayyane wanda da shi ake gane marigayin a ƙofa, yana can cikin sabar ba mai ziyara. Ya bar fayil ɗin da na gyara, mai ɗauke da lambar gaskiya, zaune a kwamfutata kamar amanar da ba a san gidan mai ita ba. Ya bar mai gyaran famfo yana hamma a shago. Ya kuma bar Mama, dattijuwar da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba, tana amsa kiran mutanen da ruwa ya ci ɗakinsu. Wani ya tambaye ta ko tana zuwa da injin zuƙa. Wata ta zage ta tas saboda jinkiri.

Abin da ya fi duka zafi shi ne ranar da na je gidan Mama. Ina durƙushe a bakin ƙofa ta dubi 'yarta ta ce, "Ki tambayi mijinki, me na tsare masa?" Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na fara bayanin makulli, matata ta harare ni, na haɗiye sauran.

Za a yi jana'iza gobe da safe a kan teburin da ya cika a kai. Zan ja shi zuwa kwandon shara na kwamfuta, amma ba zan zubar ba, don har yanzu nakan danna ajiye in kasa kunne. Ba a buƙatar shawara, duk wadda za ku bayar na gwada ta.

Masu ta'aziyya su kira lambar da ke shafin mai gyaran famfo, ni zan ɗauka. Mama ta aiko mini da tsohuwar wayar a cikin leda, ta sayi sabon layi. Matata tana da sabuwar lambar, ƙannenta suna da ita, har mai kawo musu ruwa an ba shi. Ni dai an ce in dakata tukuna.