Rasuwar Rumfar Motoci ta Bakin Kasuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kofur Dawuda mai ritaya nake sanar da jama'ar Zuru, Mahuta da Sakaba rasuwar Rumfar Ajiye Motoci ta bakin kasuwa, wadda na yi gadinta shekara talatin da ɗaya, tun 1975. Ni na riga kowa ganin mutuwar nan tafe, tun ranar da wasu 'yan kwamiti suka zo da igiyar awo da takalma masu ƙyalli. Na faɗa, aka ce tsufa ne.

Marigayiya ba ta taɓa korar kowa ba. Ta rufa wa fijo asiri, ta rufa wa a-kori-kura, har jakin Lawwali mai gishiri ya sha inuwarta. In ruwa ya sauko, kwanonta kan ce ratatata. Ni da na ji ƙarar harsashi a yaƙin basasa na dawo da ƙafafuna biyu, na san wadda ta fi daɗin ji.

Takarda ce ajalinta. Wai kai ya waye, za a mai da wurin lambun shan iska. 'Yan kwamitin suka yaye kwano, suka dasa furanni a ƙasar da ta ƙoshi da baƙin mai. Ban yi boko ba, amma ko akuya ta san ba a shuka a nan. Sau uku suna dasawa, sau uku furannin na ƙonewa.

Ta rasu ta bar direbobi suna ajiye mota a rana, da Rachel mai ƙosai da ta koma bakin kwata, da ɗa ɗaya tilo: mangwaron da na shuka da hannuna a bayanta, inda mai bai kai ba. Shi kaɗai ne kore a duk lambun nasu. Shi ne kuma suka shafa wa jan fenti za su sare, wai ba ya cikin zanen lambun da ke takardarsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, sa'ad da za a tuge ginshiƙi na ƙarshe. Masu ta'aziyya su zo da kujerunsu, don na simintin da aka girka a tsakar rana sun isa gasa masara.

Mai shakkar maganata ya zo da fartanya ya tona kamu ɗaya. In bai ga baƙin mai ba, in haɗiye lambar yaƙina a gabansa. Mai gatari kuwa zai iske ni zaune a gindin mangwaro. Ya fara da ni, mu gani.